Firogiram ɗina yana mutuwa ne kawai idan netwok ya yi jan ƙafa, ku taimaka

Abba Sola: Salamu alaikum jama'a, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Akwai wani ɗan firogiram da na rubuta da harshen C yana zaune cikin akwatin da muke haɗa wa batirin sola, yana da sim a ciki, aikinsa kawai ya kama saba, wato kwamfutar da ke ba shi umarni ta intanet, ya karɓi umarni ya mayar da rahoto. Kowane saƙo da saba ke turowa yana farawa da bayit 2 masu faɗin tsawon saƙon, sai in yi malloc, wato in nemi mazubi a memori, daidai wannan tsawon, sai in yi ta kiran recv mai karɓo bayanai daga netwok har ya cika. A ofis na bar shi sati guda cur yana aiki ko tari bai yi ba, amma da an kai shi ƙauye inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa sai ya faɗi, kuma abin haushin ba a wurin recv yake faɗuwa ba, can gaba wajen free, inda ake mayar da memorin, yake mutuwa yana cewa an lalata hif, wato filin memorin da malloc ke yanko wa mutum. Na ƙara wa malloc ɗin bayit 1024 a kan tsawon saƙon kuma tun jiya bai sake faɗuwa ba. Tambayata, in tura wannan gyaran haka ko akwai abin da ban gani ba?

Malam Nuhu: Wa alaikumus salam. Kar ka tura. Manno mana layin recv ɗin tukuna mu gani.

Abba Sola: Ga shi malam
n = recv(fd, buf + got, len, 0); got += n;
yana cikin while (got < len)

Malam Nuhu: To ai ga ɓarawon nan a tsakar gida. buf shi ne mazubin, got abin da ya riga ya iso, len tsawon saƙon; ka matsa gaba da buf + got amma har yanzu kana ce wa recv tana da filin len gaba ɗaya. A ce saƙo bayit 300 ne, zuwan farko 200 suka iso, saura gurbin 100 ke nan, kai kuma ka ce mata zuba har 300. Idan saƙo na biyu ya riga ya iso yana layi, za ta kwaso shi ta zuba a kan abin da ke maƙwabtaka da mazubinka. len - got ya kamata ka rubuta. A ofis saƙon yana zuwa a dunƙule shi ya sa ba ka taɓa shiga zagaye na biyu ba.

Abba Sola: Innalillahi. Wlh layin nan na kalle shi ya fi sau hamsin

Ɗan Maraɗi: Hhh C ke nan, uwar ba da mamaki. Zan dawo kanku anjima, bari in gama cin abinci

Hajara: Abba ba shi kaɗai ba ne fa. recv tana iya dawo da -1 in an samu kuskure, kai kuma ka tara shi kai tsaye a cikin got. In got ɗin size_t ne, irin lambar da ba ta sauka ƙasa da sifili, kuma yana sifili, ragi ɗaya zai mai da shi wata ƙatuwar lamba, sai while ɗin ta ɗauka an gama karatu, ka wuce da mazubin da babu komai a ciki sai shara. In kuma ta dawo da 0, wato ɗaya ɓangaren ya kashe layi, za ka yi ta zagaye har batirin ya ƙare. Sannan shi len ɗin wa ya duba shi? Bayit 2 suna iya faɗin har 65535, akwatin naka yana da memorin da zai ɗauki wannan duk lokacin da aka ce masa?

Abba Sola: Anti Hajara ai sabarmu ce, mu muka rubuta ta, ba ta taɓa tura abin da ya wuce 400 ba

Hajara: Da TLS kuke magana da ita, wato a rufe yadda ba mai karantawa ko sauya saƙon a hanya?

Abba Sola: A'a, TCP ne zalla ba rufi, mun ce sai sigar gaba

Hajara: To ba sabarku kaɗai ke iya yi masa magana ba ke nan, duk wanda ya samu shiga tsakani zai iya. Mutane sun saba ɗauka cewa saba ce kawai ake kai wa hari saboda ita ce ke buɗe ƙofa, shi mai kira lafiya lau yake. Ka tuna abin da aka samu a getaddrinfo na glibc, wato mai nemo adireshin suna a laburaren C na Linux, a Fabrairun 2016, amsar DNS, tsarin da ke mai da suna adireshi, ce kawai mai tsawo take cika mazubin bayit 2048 ta malala, kuma kusan duk firogiram ɗin Linux da ke neman adireshin suna yana bi ta wurin. Kai ka yi tambaya, amsar da aka ba ka ita ta kashe ka.

Sadiya: Don Allah ku yi haƙuri da ni, ni ɗaliba ce har yanzu. Me ya sa yake mutuwa a free tunda a recv aka yi ɓarnar? Kuma tunda ƙarin 1024 ɗin ya hana shi faɗuwa me ya sa ba gyara ba ne?

Malam Nuhu: Tambaya mai kyau 'yata. Shi malloc yana ajiye ɗan bayaninsa a gefen kowane yanki da ya ba ki, girman yankin da makamantansu, kamar yadda mai awo ke rubuta lamba a bakin buhu. In kika zuba fiye da kima kin goge rubutun buhun da ke kusa, amma ba wanda zai sani sai ranar da aka zo ɗaga wannan buhun. Shi ya sa inda aka faɗi daban, inda aka yi tuntuɓe daban. Ƙarin 1024 kuwa bai hana malalar ba, fili kawai ya ba ta ta malala ba a gani. Kuma lura, bayit ɗin da suka malala ɗin farkon saƙo na biyu ne, an cinye su, to saƙo na biyun zai zo ba kai, sai a karanta tsakiyarsa a matsayin tsawo. Gara ma da yana faɗuwa, aƙalla yana kuka ana ji.

Abba Sola: Kai. Wannan ya bayyana wani abu, jiya akwati ɗaya ya yi shiru na minti ashirin bai faɗi ba bai kuma amsa ba, ashe jira yake a cika masa tsawon da ba wanda ya turo

Oga Bala: Abba kar ka ji kunya, irin wannan ta faru da curl ma, kuma wannan firogiram ne na ɗauko bayanai da turawa ta intanet da yake cikin wayoyi da motoci da talabijin, har Windows 10 da shi take zuwa. Hajara ke kin fi ni riƙe labarin, ba su.

Hajara: Eh, lambar da aka ba ramin tsaron ita ce CVE-2023-38545. Na so in kawo shi tun ɗazu don kamarsu ɗaya ta wajen jinkirin netwok. A SOCKS5, wata hanyar magana da furoksi, wato kwamfutar da ke shiga tsakaninka da saba, in kana so furoksi ya nemo maka adireshin saba da kansa, kana tura masa sunan, kuma gurbin tsawon sunan bayit 1 ne tak, don haka suna ba ya wuce 255. Abin da curl ke yi a da, in sunan ya wuce 255 sai ya ce to bari in nemo adireshin da kaina in tura lamba kawai, ya rubuta wannan shawarar a wani bariyabul, wato ɗan gurbin ajiye bayani, na cikin fankshin ɗin, yankin kod ɗin da ke wannan aikin. Lokacin da fankshin ɗin ke tsayawa ya jira har a gama gaisawa da furoksi, ba matsala. A farkon 2020 Daniel Stenberg, mutumin Suwidin ɗin da ya ƙirƙiri curl, ya sake fasalin wurin ya zama mataki-mataki, in amsa ba ta iso ba fankshin ya fita a sake kiransa daga baya ya ci gaba daga inda ya tsaya. To a nan gizo ke saƙar, duk sake kira bariyabul ɗin yana komawa yadda yake tun farko, wato furoksi ne zai nemo. In furoksi ya amsa nan take, shawarar tana nan. In ya yi jinkiri, an manta an taɓa cewa sunan ya yi tsawo, sai a kwafe shi ɗungurungum cikin mazubi.

Sadiya: To wa zai rubuta sunan saba mai tsawon haka?

Hajara: Ba ke za ki rubuta ba, sabar da kika ziyarta ce za ta ce miki koma wancan adireshin, ta ba ki suna mai bayit dubu sittin, in an kunna bin turawa curl zai bi. Mai fassara adireshi na curl yana karɓar suna har bayit 65535, mazubin libcurl, wato laburaren curl da wasu firogiram ke ɗauka su yi amfani da shi, kuwa in ba a taɓa shi ba 16kB ne. Shi curl na layin umarni yana ɗaga nasa zuwa 102400 don haka ya tsira, sai dai in mutum ya rage gudu da --limit-rate. Kuskuren ya shigo a siga 7.69.0, yana nan har 8.3.0, aka gyara a 8.4.0 ranar 11 ga Oktoba 2023. Kwana 1315 yana zaune. Jay Satiro ne ya gano shi, aka ba shi ladan dala 4,660.

Malam Nuhu: Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne gyaran. Ba su ƙara girman mazubi ba, ba su ma tsaya gyara mantuwar bariyabul ɗin kawai ba. Cewa suka yi in suna ya wuce 255 a tsaya a dawo da kuskure, shi ke nan. Don ita dabarar ta asali ma ba daidai ba ce: mutum ya ce furoksi ya nemo masa suna, wataƙila Tor mai ɓoye sawu a intanet yake amfani da shi ba ya so mai ba shi intanet ya ga inda za shi, kai kuma don taimako ka je ka tambaya da bakinka a fili. Abba ka ji, in len ya wuce iyakar da kuka yanka, rufe layin, kar ka tsaya yi masa dabara.

Ɗan Maraɗi: Na dawo. Duk wannan dogon bayanin da kuke yi, da harshen Rust mai tsare memori aka rubuta da ba a yi shi ba. Shi Daniel ɗin da bakinsa ya amsa cewa da harshe mai tsare memori ne da wannan malalar ba ta faru ba, har ya ba da lissafi cewa kashi 41 cikin ɗari na ramukan tsaron da aka taɓa samu a curl irin wannan ne. Microsoft sun faɗi nasu a 2019, wajen kashi 70, masu Chrome ma haka. Mutumin da ya shekara sama da ashirin yana rubuta abu ɗaya ya yi wannan kuskuren, to wane ne Abba, wane ne ni? Kullum sai a ce a dai kula, a dai kula, tun Heartbleed, ramin tsaron nan na memori a OpenSSL, a 2014 ake a dai kula

Malam Nuhu: Ɗan Maraɗi an ƙoshi an dawo da ƙarfi. Ban musa maka lissafin ba, amma ka juya shi, kashi 59 ɗin da suka rage fa? Kuma a wannan na curl ɗin, Rust za ta hana rubutu ya wuce mazubi, firogiram ya tsaya cak, amma ba za ta gaya maka cewa ka manta shawarar da ka yanke a kiran farko ba, ba kuma za ta hana ka fallasa sunan da aka ce ka ɓoye ba.

Ɗan Maraɗi: Malam tsayawa cak da baƙo ya samu damar rubutu cikin memorinka ai ba ɗaya ba ne, na farko haushi ne na biyu musiba

Malam Nuhu: Wannan gaskiya ne, na ba ka.

Hajara: Ni ina tsakiya. Sabon abu in za a fara yau kuma yana karɓar bayanai daga waje, ban ga dalilin fara shi da C ba in dai na'urar za ta ɗauki wani abin. Amma a sake rubuta tsohon abu ba wasa ba ne. curl ɗin ma sun gwada saka hyper, wani laburare da aka yi da Rust, a matsayin zaɓi na ɓangaren HTTP, shekaru ana fama, a ƙarshen 2024 Daniel ya sanar za a cire shi don ba a samu masu amfani da masu ƙarasa aikin ba. Ba a ce Rust ce ta gaza ba, hannun da zai riƙe ne babu.

Ɗan Maraɗi: Na Abba ai bai kai layi dubu biyu ba, sati biyu na gama masa shi

Abba Sola: Dubu ɗaya da ɗari shida ne hhh. Amma yallaɓai in ka rubuta ka tafi wa zai riƙe? Mu biyu ne a wurin kuma ɗayan ma ya fi ƙarfi a wajen waya da soldarin. Ga akwatuna sun riga sun watsu, abin da nake buƙata yau shi ne kar su mutu

Oga Bala: Ku bar faɗan harshe haka, an yi shi a watan jiya an yi a na shekaranjiya. Abba ka gyara layin mun ji, amma ta yaya za ka tabbatar ka gyara tunda a ofis ba ya faɗuwa?

Abba Sola: Shi ne nake tunani oga, sai dai in kai shi ƙauyen in zauna in jira

Hajara: Haba, kawo ƙauyen ofis mana. Rubuta ƙaramar sabar ƙarya da Python, layi ashirin ya isa, ta riƙa tura saƙo a gutsure. Ta tura rabi ta yi barcin sakan ɗaya sannan ta turo sauran haɗe da saƙo na biyu. Wani zagayen ta tura bayit ɗaya-ɗaya, har shi kan saƙon mai bayit 2 ta raba shi biyu, don ina zargin can ma kana ɗauka tare suke zuwa. Wani ta faɗi tsawo 65535 ta yi shiru, wani ta faɗi 0, wani ta kashe layi a tsakiya. Sannan ka harhaɗa kod ɗin a laftof ɗinka da -fsanitize=address -g, wato ASan mai kama malalar memori, kar ka ce a kan akwatin don yana cin memori sosai kuma gudu yana raguwa kamar rabi. Amma fa fara gwadawa da tsohon kod ɗin, ka cire ƙarin 1024, ka ga ya faɗi da idonka. Gwajin da bai kama cutar ba tun farko ba zai iya shaida an warke ba.

Malam Nuhu: Ƙari a kan nata, ka ware karatun a fankshin guda, ka ba shi mazubi da adadin da kake so, shi ya san yadda zai yi da -1 da 0 da EINTR na katsewar kira a tsakiya, ko'ina kuma a kira shi. Kar ka bar recv tana yawo a wuri biyar.

Abba Sola: Wuri huɗu ne malam, na ƙirga yanzu, kuma biyu suna da wannan kuskuren don kwafa na yi

Sadiya: Wayyo ni kuma na duba nawa yanzu, curl --version ya ce 7.81.0 a Ubuntu 22.04, ke nan ina cikin waɗanda abin ya shafa?? Kuma ina amfani da furoksi wani lokacin

Oga Bala: Kwantar da hankalinki. Su Ubuntu da Debian ba sa ɗaga lambar siga, gyaran kawai suke ɗaukowa su liƙa a kan tsohuwar, don haka za ki ci gaba da ganin 7.81.0 ko bayan an gyara. In kina yin apt upgrade tun bayan Oktoban 2023 kin samu. Abin dariyar ma masu 20.04 ba abin da ya same su, nasu 7.68.0 ne, ya girmi kuskuren da siga ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Tsufa ya yi rana

Hajara: Inda matsalar take shi ne masu haɗa libcurl a cikin firogiram ɗinsu su manta da shi, ko na'urori irin na Abba da ba mai sabunta su. Wannan apt ba ya kai musu.

Sadiya: Na gode anti. Wani abu kuma, na ji ana cewa curl ana yi masa gwajin nan na watsa masa shara ta atomatik, me ya sa bai kama ba?

Hajara: Ana yi, yana cikin OSS-Fuzz na Google tun 2017. Amma irin wannan gwajin yana kama abin da ya iya kaiwa gare shi ne. Nan sai an haɗa abu uku lokaci guda, furoksin SOCKS5 mai nemo suna, suna mai tsawon hauka, da amsa mai jinkiri. In gwajinki kullum amsa nan take yake bayarwa, hanyar sake shiga fankshin ɗin ba a taka ta ba ma balle a ga ramin da ke kanta. Daidai da ofishin su Abba mai intanet mai kyau.

Abba Sola: Jama'a na dawo. Na yi sabar ƙaryar, tsohon kod ko sakan uku bai yi ba ASan ya yi ihu, heap-buffer-overflow, ya nuna layin recv ɗin da lambarsa da layin da na yi malloc, abin da na kwana uku ina nema. Na gyara, na yi fankshin guda kamar yadda malam ya ce, na sa iyaka 512 in ya wuce a rufe layi a sake kira bayan ɗan lokaci. Anti Hajara zarginki ya tabbata, kan saƙon ma a karatu ɗaya nake ɗaukarsa. Sannan ya kamo wani da ban sani ba, ina sa sifili a buf[len] don in buga saƙon a log, alhali len kawai na nema ba len + 1 ba, bayit ɗaya yana fita kullum tun ranar farko

Malam Nuhu: Wannan na ƙarshen shekara nawa yana nan?

Abba Sola: Tun da aka fara, kusan biyu. Bai taɓa faɗuwa a kansa ba

Malam Nuhu: Saboda malloc yakan ba da ɗan rara, sai ranar da tsawon ya faɗo daidai bakin iyaka. Madalla. Ka ajiye sabar ƙaryar nan cikin ma'ajin kod ɗin, duk wanda ya taɓa wurin ya gudanar da ita.

Hajara: Saura jira mara iyaka. In an faɗi tsawo 500 aka turo 10 aka yi shiru, har yaushe zai zauna?

Abba Sola: Au. Ban sa ba. SO_RCVTIMEO zan sa ko poll don iyakance jiran?

Hajara: Kowanne, amma ka ƙirga wa saƙon gaba ɗaya lokaci ba kowane recv ba, in ba haka ba mai turo bayit ɗaya duk sakan ashirin zai riƙe ka har gobe. Kuma maganar TLS ɗin nan ban manta ba.

Ɗan Maraɗi: Tayina na sati biyu yana nan fa

Oga Bala: Kai dai ka fara gama wanda ka ce za ka gama mana tun azumi.

Abba Sola: Hhh. Yanzu damuwata akwatuna goma sha ɗaya da ke can ba sa karɓar sabuntawa ta iska, sai an je da kebul ɗaya bayan ɗaya, kuma biyu suna hayin kogi. Gobe da asuba zan kama hanya, in akwai wanda ya san yadda ake saka sabuntawa ta nesa a ƙaramin Linux ba tare da na'ura ta mutu a tsakiya in wuta ta ɗauke ba, ya ajiye min bayani zan karanta a mota